Bakin da Ke Cin Kankare

Ranar Litinin aka shaida wa Tela cewa za a sallami Inna ranar Alhamis. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ce ta tare shi a ƙofar ɗakin jinya, rungume da fayil, ta faɗa masa, sannan ta ɗora da sharaɗi: kafin tsohuwa ta taka gida, a kafa mata ƙarfen dafawa a bango, ɗaya a banɗaki, ɗaya a lungun da ya taso daga ɗakinta. Wadda aka yi wa aiki a ƙugu, in ji ta, faɗuwa ta biyu ita ce abin tsoro.

"Ku nemi wanda ya iya ya kafa muku," ta ce. "Ba sandar labule ba ce. Nauyin mutum zai ɗauka."

Tela ya ce to, in Allah ya yarda. Amma tun kafin ya gama sauka daga matakalar asibitin ya riga ya yanke wa kansa cewa wanda ya iya ɗin shi ne. Shekararsa ashirin da biyar a kan keken ɗinki. Shi ke kwance kekensa ya mayar ba tare da ko sukuru ɗaya ya yi saura ba, dutsen gugar shagon kuma sau uku yana mutuwa yana tayar da shi. Ga shi shi ne autan Inna, duk tsawonsa da furfurar da ta fara cin gemunsa har yau a gidansu kallon yaro ake masa. To wannan karon a gidansa za a yi jinya, bangon kuma nasa ne.

Mai walda na bakin titi ya haɗa masa ƙarafan kafin safiyar Talata: gajere mai ƙafa biyu na banɗaki, dogo mai ƙafa uku na lungu, kowace ƙafa da ɗan faranti mai huda biyu. Huda goma ke nan a bango. Tela ya duba, ya ga aikin da bai kai ɗinkin riga ɗaya ba.

Injin huda kuwa a maƙwabta yake. Gidan Tela da na mai gyaran wutar da kowa ke kira Injiniya bango ɗaya ne ya raba su, bangon lungun Tela shi ne bangon falon Injiniya, har in matar wannan ta yi atishawa matar wancan kan ce mata sannu. Injiniya mutum ne mai son kayan aikinsa fiye da kima. Filayarsa ma sai ya goge ta da tsumma yake mayarwa akwati. Da safen nan yana sauri zai tafi wani aiki bayan gari, wanda sai gobe zai dawo, ya miƙo wa Tela ƙaramin injinsa cikin akwatin roba, amma bai saki hannun akwatin nan da nan ba.

"Bakunan suna ciki. Ka dai san wanda za ka ɗaura ko?"

"Haba Injiniya. Ni da nake zura zare a allura ba tabarau?"

Injiniya ya saki, ya hau babur yana waiwaye.

Tela ya sallami masu karɓar ɗinki da wuri, ya rufe shagonsa da ke gaban gidan. Tef a wuya, alli a bayan kunne, ya shiga lungun. Awo dai ba a koya masa. Ya tsaya ya saki hannunsa inda ya ji daɗin dafawa, ya buga alama, ya ja layi miƙaƙƙe daga ƙofar ɗakin Inna har ginshiƙin da ke kusurwar banɗaki. Sannan ya buɗe akwatin. Bakuna biyar ne a jere cikin ramukansu. Akwai wani siriri, fari-fari, mai dakusasshen kai kamar an ɗora masa hula. Wannan ya ture shi gefe, ya ce ya gama yayinsa. Ya zaɓi wanda ya fi kowanne kaifi da sheƙi, ya ɗaure shi tamau, ya fara da ginshiƙin don ya gama da mai wuya tun da ƙarfinsa.

Shafen siminti ya ba shi hanya salin-alin, har ya yi murmushi. Daga nan injin ya canza murya. Ya koma wani irin ƙara mai shiga haƙori, bakin yana juyi a wuri ɗaya ba ya gaba. Tela ya ƙara danna. Ya sa ƙirji, ya tokare ƙafa da ɗaya bangon, ya danna da duk abin da Allah ya hore masa. Gumi ya jiƙe masa riga. Da ya zare, kan bakin ya koma shuɗi yana hayaƙi, ramin kuwa bai kai zurfin farce ba.

Ya ce wannan bakin ne ba shi da kirki, ya ɗaura wani mai ɗan tsini a tsakiya kamar ƙaya. Wannan ko minti ɗaya bai yi ba tsinin ya ɓalle, ya yi tsalle ya bugi rufin ɗaki.

A haka matarsa ta same shi. Malamar firamare ce, shi ya sa har shi Malama yake ce mata. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa tana shinshina iska.

"Me ke ƙonewa?"

"Ba komai. Aiki ne."

Ta leƙa ramin, ta kai ɗan yatsa ta taɓa. "Tun yaushe ka fara?"

"Ba a jima ba."

"To a haka, in Allah ya ba mu rai, jikokinmu za su dafa." Ta ja da baya ta kalli layin allin. "Maigida, wannan bai yi sama ba kuwa?"

"Yanzu kuma awo za ki koya min?"

"Ni? Wace ni." Ta wuce ciki tana dariya ƙasa-ƙasa.

Abin da ya fi damun Tela ba ramin ba ne, bakunan Injiniya ne. Ya naɗe su biyun a ƙyalle kamar masu jinya, washegari da sassafe ya nufi layin masu kayan gini don ya sayo irinsu ya mayar kafin mai su ya dawo.

Shagon da aka nuna masa na wani tsoho ne da ake kira Baba Mai Kusa, wanda ya yi shekaru a aikin gini kafin gwiwa ta zaunar da shi. Shago ne ƙunci, gwangwanayen kusa da sukuru jere har sama, ƙamshin man inji ko'ina. Kunnensa ɗaya ba ya ji, don haka da gefe yake fuskantar mutum. Ya warware ƙyallen, ya ɗaga bakunan wajen haske ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na ƙarfe ne, ka dafa shi. Wannan na katako ne, ka karya masa hanci. Me suka yi maka?"

"Ginshiƙi nake so in huda, Baba."

"Ginshiƙin kankare? Da waɗannan?" Tsohon ya ajiye su a hankali. "Mece ce sana'arka, ɗana?"

"Ɗinki."

"Allurar da kake ɗinka yadi mai laushi da ita, ita kake sa wa tamfol?"

"A'a, ai karyewa za ta yi. Kowane yadi da lambar..."

"Ƙarasa mana, ina jinka da wannan kunnen."

Tela ya sosa ƙeya. Baba Mai Kusa bai ja zancen ba. Ya jawo wani kwali ya fito da baki fari-fari mai dakusasshen kai, sak irin wanda Tela ya ture gefe jiya, sai dai wannan ya fi kauri.

"Dubi kansa. Ka ga ɗan ƙarfen nan da aka dasa masa, ya fi jikin faɗi kaɗan? Shi ne mai aikin. Taurinsa ya fi na dutse. Kankare ba a yanka shi, daka shi ake yi. Wannan kan ya daka, kwarin da ya nannaɗe jikinsa ya kwaso garin ya fito da shi. A jikin injinka akwai wani maɓalli, gefe ɗaya hoton baki, gefe ɗaya hoton guduma. Ka gani?"

"Na gani. Na ɗauka ado ne."

"Ka tura shi wajen guduma. Sai inji ya riƙa juyi yana duka. Kai naka riƙewa ne daidai, kada ka kwanta a kai. In ka danne shi, zafi zai yi, hular ta fita."

Da ya ji abin da za a kafa da wadda za ta dafa, tsohon ya gyara zama, wasa ya ragu a muryarsa. Ya zaɓo sukurori masu kauri da robobin da ake turawa cikin rami su riƙe su, ya nuna masa lamba goma a jikin robar, ya nuna masa lamba goma a gindin bakin. Robar ce ke zaɓen baki, in ji shi. In rami ya fi ta faɗi, ranar da tsohuwa ta jingina ranar za ta fito da ƙarfen a hannu. Ya ɗora robar a jikin bakin, ya ƙara ɗan yatsa ɗaya, ya naɗa jan salatif a wurin: da salatif ya taɓa bango, a tsaya. A riƙa zarewa ana mayarwa don gari ya fita. A hure ramin kafin a sa roba. Kada a huda saitin soket, sama ko ƙasa, nan wayar wuta ke bi. In kuma ana cikin kankare aka ji ƙara ta canza, gari ya daina fita, to an ci karo da rodi, a bar wurin.

"Banɗakin akwai tayil?"

"Akwai."

Ya sake lalubo wani ɗan baki mai kai kamar na mashi. "Wannan shi ke fara shiga. Ka kashe guduma, ka bi shi a hankali kamar mai lallashin jariri, kana ɗiga masa ruwa. Da ka wuce tayil sai ka canza. In ka sa wa tayil guduma, matarka ce za ta yi maka sauran bayanin."

Matsala ɗaya, gajeren baki mai lamba goma ya ƙare, sai dogo, wanda ya kai tsawon taƙi da rabi. Baba Mai Kusa ya ce ba laifi, aikinsu ɗaya, sai dai ya sa ido a kan salatif. Ya haɗa masa da sababbi biyu irin na Injiniya, da tabarau na roba, ya ce ya ɗaura ƙyalle a hanci.

A ranar nan Malama ba ta da darasin rana, ta dawo da wuri ta riƙe masa kofin ruwa. Ƙarfen banɗaki ita ta dage sai ta gwada da kanta, ta zauna ta miƙe ta ce nan, ya buga alama inda ta nuna don a zauna lafiya. Ya liƙa salatif a kan tayil don kada bakin ya zame, ya kashe guduma, ya taɓa makunni a hankali. Bakin mai kan mashi ya fara ci, farin gari yana zuba kamar hoda, Malama tana ɗiga ruwa. Bai ankara ba ya ji ya wuce. Rami zagayayye tsaf, tayil ko tsaga babu. Ya canza baki, ya tura maɓalli wajen guduma. Injin ya ɗauki wata murya mai kauri, hannunsa yana rawa har kafaɗa, bakin yana nutsewa cikin bulo ba gardama. Salatif ya taɓa bango, ya tsaya.

Huɗu ya yi haka. Ya hure, ya buga robobi, ya ɗaure sukurori. Ya kama ƙarfen da hannu biyu ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa, ƙarfe ko gezau.

"Kin gani?"

"Na gani. Sauko kada ka fasa min bokiti."

Daga nan kan Tela ya fara kumbura. Malama ta tafi gyara ɗakin Inna, shi ya koma lungu yana 'yar waƙa a bayan ƙyallen hancinsa. Biyun farko na kusa da ƙofa suka tafi lafiya lau. A na uku, bakin ya ɗan ci kaɗan sai ya zurma gaba ɗaya kamar ya faɗa rijiya. Ashe ya dace da kogon bulo. Da ƙarfin zurmawar salatif ya goge ya tattare can baya. Tela ya tsaya ya yi tunani. Ya ce ai roba ba ta kama iska, bari ya ƙara gaba har ya sami abu mai tauri. Ya samu kuwa. Ya ci gaba da hudawa, yana jin daɗin yadda yake tafiya, har goshin injin ya zo ya manne da bango.

Ya zare, ya sa ɗan bututun roba a ramin, ya cika kumatu ya hura. Garin bai dawo masa a fuska ba kamar na sauran. Sai ya ji tari daga cikin bango. Tari sosai, na babban mutum. Ya kai ido ramin, ya ga haske, sannan wani ido ya rufe hasken.

"Tela," in ji ramin.

"Na'am, Injiniya. Ka dawo?"

"Na dawo. Sannu da aiki."

Ba a jima ba Injiniya ya shigo, gashinsa fari fat da gari, riƙe da kofin shayin da wani abu toka-toka ke yawo a samansa. Ashe shigowarsa ke nan, ya miƙe a doguwar kujera don ya huta, ya ga baki ya ɓullo daga bango taƙi ɗaya saman kansa yana juyi. Ya matso don ya gane wa idonsa, daidai lokacin da Tela ya hura.

Tela ya fara ba da haƙuri, Malama ta fito ta taya shi, amma da ta kalli girar Injiniya sai ta toshe baki da mayafi ta koma ciki. Injiniya ya ajiye kofin, ya durƙusa gaban akwatinsa, ya ƙirga bakunan da ido. Ya zaro sababbi biyun ya jujjuya.

"Waɗannan ba nawa ba ne."

"Naka sun riga mu gidan gaskiya jiya. Waɗannan magadansu ne."

Injiniya ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce sun fi nasa kyau, ya mayar da su ramukansu. Ya ɗauki dogon bakin ya duba kansa, ya leƙa banɗaki ya girgiza gajeren ƙarfen, ya shafa tayil ɗin yana neman tsaga bai samu ba.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Wani tsoho a layin kayan gini."

"To bai faɗa maka bulo ciki gare shi ba?" Ya ɗauki sukurdireba ya riƙa ƙwanƙwasa bango da gindinta yana tafiya. "Saurara. Nan yana amsawa kamar tulu, kogo ne. Nan kuma muryar ta mutu, nan ne ƙashin bulon. Nan ake nema."

Ramin da ya ratsa kuwa, Injiniya ya ce tunda an riga an yi ɓarna a ci moriyarta. Ya shiga gida ya kawo dogon ƙarfe mai zare irin na sukuru, suka zura shi ta ramin, ya koma falonsa ya sa ɗan faifan ƙarfe da noti ya ɗaure daga can, suna magana ta bango. Ya ce wannan ƙafar ko giwa ta jingina ba za ta motsa ba, notin kuma zai rataya kalanda a kai.

Saura ginshiƙi. Tela ya gwada da sabon baki da guduma a kunne. Ya fi jiya nesa ba kusa ba, amma tafiyar ta hawainiya ce, injin har ya fara ɗumi. Injiniya ya ce a bar yaro ya huta, wannan aikin babansa ne. Ya fito da babban injin da yake zuwa aiki da shi, mai hannu biyu, wanda bakinsa ba a ɗaure shi da makulli, gindinsa kwari gare shi, tura shi ake yi ya ce ƙyas ya zauna. Ya nuna wa Tela yadda zai tsaya, ƙafa ɗaya gaba, gwiwar hannu manne da jiki. Tela ya taɓa makunni. Ginshiƙin da ya shayar da shi gumi jiya ya buɗe cikin numfashi biyar, gari mai toka yana kwarara kan takalminsa.

A rami na ƙarshe, ana tsakiyar tafiya, ƙarar ta koma siririya, gari ya tsaya. Tela ya saki makunni tun kafin a ce masa.

"Rodi," ya ce.

Injiniya ya kalle shi ta gefen ido. "Lallai tsohon nan ya yi aiki."

Rodi ba a taɓa shi, shi ke riƙe da ginin. Sai suka kwance notin, suka kwantar da ƙarfen dafawar a ƙasa, Injiniya ya ɗaura sabon bakin ƙarfen nan a ƙaramin inji, ya ɗiga mai, ya buɗe sabuwar huda a farantin, yatsa biyu gefe. Tela ya tsaya yana kallon yadda bakin ke fitar da ƙarfe a nannaɗe kamar zare, ba hayaƙi ba kuka. Suka huda ginshiƙin a sabon wurin, suka mayar da ƙarfen suka ɗaure, har da notin. Kafin rana ta faɗi ƙarfe ya miƙe daga ƙofa har kusurwa, Malama tana share gari tana cewa har cikin tukwanenta ya shiga.

Ranar Alhamis da hantsi mota ta kawo Inna. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce dama, jinya kuma ta ƙara tsotse ta, amma bakinta yana nan yadda yake. Aka shigo da ita da ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu, tana yi wa direba faɗan ramukan hanya. Injiniya da matarsa suka shigo yi mata sannu. Bayan ta huta ta sha ruwa, Tela ya ce ta zo ta ga wani abu.

Ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta kalli ƙarfen daga wannan kai zuwa wancan. Ta saki ƙarfen tafiyar da hannu ɗaya, ta miƙa. Hannun ya tashi, ya wuce ƙugu, ya wuce ƙirji, sai da ya kai saitin kafaɗarta sannan ya kama.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Wannan na shanya ne?"

"Na dafawa ne, Inna."

"Wa zai dafa? Ni dai in na kama nan, sai dai in yi lilo."

Tela ya kalli layin allinsa, ya kalli tsohuwa, ya ga abin da ya yi: shekara ashirin da biyar yana auna mutane kafin ya sa almakashi, ranar da ya zo yi wa mahaifiyarsa aiki sai ya auna kansa. Ya saci kallon Malama. Ita kuwa ta dage tana gyara wa Inna ɗankwali, fuskarta kamar ba ta taɓa jin zancen ba, wanda hakan ya fi masa ciwo a kan ta yi magana.

"Tsaya yadda kike, Inna," ya ce. Ya ciro tef daga wuya. "Saki hannunki. Kada ki miƙe don ni, tsaya yadda kike tsayuwa."

Ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunta, ya sake aunawa, ya rubuta a bango. Aka mayar da ita ɗaki, Malama ta rufe ƙofa ta toshe ƙasanta da tsumma saboda ƙura. Injiniya ya tafi kwance notinsa yana cewa shi dai kalandarsa ta ga duniya.

Wannan karon Tela bai yi waƙa ba. Ya ja sabon layi, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da kunne a manne, ya yi wa duk inda muryar ta mutu alama, ya matsar da ƙarfen gaba kaɗan har ƙafafun suka dace da ƙashin bulo. Ya naɗa sabon salatif, ninki uku. Ya duba soket ɗin da ke ƙasa ya kauce masa. Huda shida, har da biyun ginshiƙi, ba su ɗauke shi awa ɗaya ba, kuma ba wanda ya yi tari a maƙwabta. Tsofaffin ramukan ya cike su da siminti, na falon Injiniya har da shafa masa fenti.

Da la'asar aka sake fito da Inna. Ta miƙa hannu, ƙarfen ya zo mata daidai. Ta girgiza shi da iya ƙarfinta, wanda ba shi da yawa. Ta ce a janye mai ƙafa huɗun. Tela ya tsaya a bayanta da hannuwa a buɗe, bai taɓa ta ba. Ta ɗaga ƙafar da aka yi wa aiki, ta ajiye, ta ja ɗayar. Hannunta yana zamewa gaba a kan ƙarfen, ƙafa tana bi. A tsakiya ta tsaya ta yi numfashi, Malama ta ce ko a kawo kujera, ta ce ba ta aike ta ba. Taku goma sha ɗaya ta yi ta kai ginshiƙi. Ta jingina da shi, gumi a goshinta, ta juyo ta kalli tsawon lungun da ta ratso.

"Ba laifi," ta ce. "Sai dai ƙarfen da sanyi. Da safe zai kama min yatsu."

Washegari Tela ya tattara ragowar yadi mai kauri a shago, ya sa soso siriri a ciki, ya ɗinka wa ƙarfen riga mai zif daga kai har kai, ya matse ta sosai don kada ta juya a hannu. Inna ta shafa, ta matsa, ta ce ɗinkin ya yi kyau, ɗumi ma ya yi, amma ruwan ƙasa kalar tsofaffi ce. Ya cire ya sake mata da kore.